Kwalabe Uku da Gwaggonta Ta Kawo

Litinin, 9:20 na safe, wurin aiki

Likitar yara ce ta ce in riƙa rubuta abin da ke faruwa da Ɗigo kullum: yaushe cikin ya fara ciwo, me ta ci, me aka ce mata kafin nan. To ga shi na fara. Ba ta ce in rubuta abin da ke raina ba, amma ai littafina ne.

Yau ciwon cikin ya tashi shida da rabi, da ta ga na ɗauko rigar makaranta. Shayi rabin kofi. A bakin get ta ƙanƙame ni har sai da Malama ta ɓanɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. "Mama, za ki dawo?" Sau tara ta tambaya, na ƙirga. Shekararta biyar. Wata guda da ya wuce yarinyar nan ko waiwaye ba ta yi, ni ce ma nake tsayawa kamar sakarya ina ɗaga wa ƙeyarta hannu.

Na iso maɗaba'a a makare. Manaja ya dubi agogo, ya dube ni, ya ga abin da ya gani a fuskata, ya koma ofis. Aikina duba kurakurai kafin a buga takarda. Shekara tara ina yi, ba a taɓa dawo mana da aiki saboda ni ba. Yau na karanta shafi ɗaya sau huɗu ban san abin da ke ciki ba.

Litinin, 4:00 na yamma

Su goma sha huɗu ne suka yi dariya. Na sake ƙirgawa. Na jera su a shafin ƙarshe na littafin nan.

Talata, 12:10 na rana

Bari in rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ranar da abin ya faru muna da aikin gaggawa, Babanta kuma yana kan hanya da motar kamfani kamar kullum. Na roƙi yayarsa ta ɗauko min Ɗigo, tunda shagonta layi biyu ne daga makarantar. Ta je. Ta sami yarinya a bakin get da jakarta a baya tana leƙen hanya. Ta ciro waya, ta kunna bidiyo, ta faɗa mata wata magana. Minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu. Kafin in tashi aiki ta saka a zauren dangi na waya, ta rubuta a ƙasa: "Ku ga 'yar Mama." A nan goma sha huɗun suka yi dariya.

Ba zan rubuta maganar ba. Ba zan kuma rubuta yadda muryar Ɗigo ta koma a daƙiƙa ta arba'in ba.

Babanta ya ce, "Wasa ne fa, kin san halin Yaya." Na san halinta. Ita ce ba ta san nawa ba.

Laraba, 6:15 na yamma

Ina yi mata wanka, idonta a rufe saboda sabulu, ta ce, "Gwaggo ta ce kin gaji da ni. Wai kin shiga mota kin tafi, kin bar mata ni."

Na ce Gwaggo wasa take yi. Bakina ya faɗa, da wannan bakin nawa. Na ji kamar in wanke shi da sabulun.

Ta ce, "To in kin gaji ki faɗa min tukuna."

Alhamis, 7:50 na safe

Ba ta je makaranta ba. Ta yi amai a kan takalminta.

Asabar, 11:30 na safe

Gwaggonta ta zo. Ni a baki Yaya nake ce mata, saboda ita ta riƙe Babanta bayan rasuwar mahaifiyarsu. A littafin nan Mai Shago ce.

Ta shigo da turarenta da awarwaronta, ta zauna a kujerar Babanta, ta zazzage leda a kan tebur. Kwalabe uku daga shagonta na kayan ƙarin lafiya. Man kifi, da wani ruwa mai zaƙi wai maganesiyam, da wata alawa mai siffar taurari wai ta barci.

"Maman Ɗigo, na ji an ce yarinyar nan ta zama matsoraciya. Jijiyoyinta ne ba su da ƙarfi. Ki ba ta waɗannan sati biyu, ki zo ki ba ni labari. Kyauta na kawo, kar ki ce komai."

"An gode, Yaya."

"Mu dai a danginmu ba mu da irin wannan. Ubanta yana kamarta shi kaɗai yake zuwa makaranta, ya tsallaka titi biyu."

"Haka ne, Yaya."

Ɗigo tana bayan labule, ƙafafunta kawai ake gani. Mai Shago ta ce, "Ke 'yar Mama, ba za ki zo ki gaida Gwaggo ba?" Ƙafafun suka ja baya. Ta yi dariya, ta ce yaran zamani. Ko a jikinta. Babanta yana ta zuba mata lemo kamar an aiko shi.

Ta ƙona min gida, ta dawo tana tallar ruwa. Wallahi sai ta gane kurenta, ko da zai ɗauke ni shekara.

Litinin, 3:30 na yamma

Mun koma wurin Likita, na tafi mata da kwalaben. Ta juya su, ta karanta, ta tura min abina.

"Ba zan ce miki guba ba ne, ba kuma zan ce miki su ne maganin abin da ke damunta ba. Yarinya 'yar shekara biyar ba a ɗura mata abu don wani ya ce yana da kyau. Ta barcin nan ma kada ki soma ba tare da na ce ba. Mu gwada jininta. In akwai abin da ya yi mata ƙaranci, ni zan rubuta."

Sai ta juya ga Ɗigo, ta ɗaga yatsu biyar, ta ce kowane yatsa cokalin shayi ne mai zafi, a ja numfashi ta hanci a hura shi a hankali har ya huce. Ɗigo ta hura uku, ta ce sauran sun huce da kansu. Likita ta yi dariya. Ni ma na yi, na farko a cikin kwana nawa ban sani ba.

Abin da ta ce in yi, don kar in manta. Kar in ce mata ba abin tsoro, in ce na ga kina jin tsoro, ina nan. Kar in sulale in gudu ba ta gani ba. Sallama gajera, iri ɗaya kullum. A fara da awa ɗaya a aji, a riƙa ƙarawa. Lokacin kwanciya kar ya canza. Sai ta cire tabarau ta dube ni: "Babban maganin ke ce. Duk lokacin da kika ce za ki zo, ta ɗaga kai ta gan ki. A makonnin nan kada ki makara ko sau ɗaya. In ba za ki samu ba, tun safe ki faɗa mata wanda zai zo."

Na ce ni ba na makara.

Ta kuma ce yara suna karanta fuskar uwa fiye da yadda muke zato, in ɗan sassauta tawa. Wannan kam ban yi alkawari ba.

Talata, 1:45 na rana

Na haɗa mata kati a wurin aiki, mai injin ya buga min a kan ragowar kwali mai kauri. Hotuna shida a jere: gado, kofi, get, allo, ƙararrawa, sai wata mata mai jaka. Ta ce matar ba ta yi kama da ni ba, ta ɗauki biro ta ƙara mata gira a haɗe.

Awa ɗaya a aji. Na zauna a benci wajen mai gadi. Ta leƙo ta taga sau shida.

Laraba, 10:05 na safe

Allah mai iko.

Kwalaben suna cikin jakata tun ranar Likita, yau na ciro su don in sami wurin biro. Kwalbar alawar ta faɗo daidai ƙarƙashin fitilar tebur. Ban yi niyyar dubawa ba, ido ne ya saba. Lambar shekarar da aka rubuta maganin zai daina aiki ta ɗan zauna ƙasa da sauran rubutun, kuma baƙinta ba irin baƙin sauran ba ne. Na ɗauko gilashin da nake duba ƙananan haruffa. Na lashi yatsa na goga, tawada ta biyo yatsana. Tawadar kamfani ba ta yin haka, wannan aikin firintar gida ce.

Na sa bakin reza a hankali. Sitika ce 'yar siririya, an yanka ta da almakashi, gefenta ma a karkace. A ƙarƙashinta ga ainihin kwanan watan. Wata goma sha huɗu da wucewa.

Man kifin ma haka. Ruwan zaƙin ma haka.

Na yi dariya har mai injin ya rage gudun injinsa ya leƙo ya ce lafiya? Na ce lafiya ƙalau, kuskure na kama. Ya ce ai kullum kina kamawa. Na ce wannan babba ne.

Wannan ta kawo wa 'yata. Kyauta.

Laraba, 5:00 na yamma

Awa ɗaya da rabi. Leƙe huɗu. Ta cinye abincin tara.

Juma'a, 12:40 na rana

Sakamakon jini ya fito, ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Likita ta rubuta wani ruwa da za a sha bayan abinci, ta ce ba zai cire tsoro ba, amma zai rage mata kasala. A kantin magani na karanta kwalbar gaba da baya, na goga da yatsa, har mai kantin ya ce Hajiya ko akwai matsala.

Na roƙi mai ɗinkin littattafai, wadda teburinta ke kusa da nawa, ta je shagon a matsayin baƙuwa ta sayo na yara kala-kala. Shida ta kawo. Biyar da sitika.

Ta ce, "Kai, 'ya'yan mutane ne fa ke shan wannan. Kin yi aikin lada."

Gaskiya ne 'ya'yan mutane ke sha. Amma ba zan yi wa littafina ƙarya ba, ba don su nake yi ba.

Lahadi, 4:20 na yamma

Hanya biyu ce. In ɗauki bidiyo, hannuna da reza, minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu cif, in saka a zauren dangi in rubuta "Ku ga 'yar kasuwa." Ko in kai wa hukumar da ke sa ido kan magunguna su je su garƙame shagon, mutanen layi suna kallo.

Duka biyun nake so. Hukuma tukuna, don kar ta sami labari ta kwashe kaya. Bidiyon ya biyo baya, in ga ko goma sha huɗun nan za su yi dariya.

Ina cikin wannan lissafin ina yanka albasa, ashe Ɗigo tana tsaye a bakin kicin. Ta ce, "Mama, da ni kike fushi?" Na ce a'a, albasa ce. Ta ɗaga min yatsu biyar ta ce in hura. Na hura duka biyar.

Litinin, 2:00 na rana

Har ƙarfe goma sha ɗaya. Leƙe ɗaya. Na koma aiki na dawo, ta same ni a tsaye daidai inda na ce.

Talata, 6:40 na yamma

Babanta ya dawo daga tafiya, yana neman biro ya buɗe littafin nan ta baya. Ya ga jerin. Sunan ƙaninsa ne na uku.

"Wannan fa?"

"Masu dariya."

"Haba, Maman Ɗigo. Sai ka ce masu laifin kisa. Ki bar ni in yi wa Yaya magana."

"Sati nawa kana yi mata magana?"

"Ita ta raine ni. Da wane baki zan ce ta zo ta ba matata haƙuri?"

"Ba ni za ta ba ba."

Ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin Ɗigo yana kallonta tana jera 'yan tsananta a layi, tana ce musu kowa mamarsa za ta zo in an buga ƙararrawa. Ya daɗe a tsaye. Na ɗauka zai ce wani abu. Sai ya tambaya ko akwai ruwan zafi.

Ban nuna masa sitikar ba. Da na nuna, kafin ruwan ya tafasa ta ji.

Alhamis, 1:20 na rana

Har tashi! Ƙarfe ɗaya aka buga ƙararrawa, tun saura kwata ina get. Ta fito a guje, kati a hannu, ta nuna min matar mai gira ta nuna ni. Malama ta ce yau har ta ɗaga hannu ta ba da amsa.

Na sayo mata balan-balan. Ban gama da Mai Shago ba don 'yata ta yi dariya, kar ma ta ɗauka.

Juma'a, 1:15 na rana

Har tashi.

Litinin, 1:15 na rana

Har tashi. Sau ɗaya kawai ta tambaya da safe.

Talata, 10:30 na safe

Na kira ofishin hukumar. Wani jami'i mai sanyin murya ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in zo da kwalaben ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya, in ba da bayani a rubuce in sa hannu. Na ce zan gama kafin sha biyu da rabi? Ya ce ai abin minti talatin ne.

Na jera kwalabe tara a kwali, kowace da lambarta. Rabon da in ji daɗin aiki haka tun ina sabuwar ɗauka.

Laraba, 1:15 na rana

Har tashi. Ba ta tambaya ba sam. Ta ce, "Sai an buga ƙararrawa," ta shige.

Gobe.

Alhamis, 5:50 na yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Jami'in bai ɓata min lokaci ba, wannan in faɗi gaskiya. Sha ɗaya da minti biyar ina gabansa. Ya duba sitikar, ya kira wani ya duba, suka girgiza kai. Na sa wayata a shiru na jefa a jaka, don kar wani ya katse ni. Na yi bayani, sakatariyarsa ta buga, ta miƙo min in sa hannu. Sha biyu saura kwata.

Sai na karanta.

Ta rubuta lambar shagon ba daidai ba. Ta sa watan wata kwalba a kan wata. Na ce a gyara, kar gobe matar nan ta sami ƙofar fita. Aka gyara, aka sake bugawa. Na ga an tsallake lambar kwalba ta bakwai. Aka sake. Na ga inda aka ce "ta ba ni" maimakon "ta kawo wa 'yata", na ce ba ɗaya ba ne. Jami'in ya ce Hajiya wannan ba zai hana komai ba. Na ce ni aikina ke nan, takarda ba ta fita hannuna da kuskure. Takardar firinta ta ƙare, aka je ɗaukowa. Ina zaune ina jin daɗi, wallahi daɗi nake ji, ina hango fuskarta.

Na sa hannu a bugu na huɗu. Ya ce gobe Juma'a da misalin sha biyu za su je shagon, kuma za su tafi da ita ofis ta amsa tambayoyi. Na ciro waya in rubuta lambarsa.

1:35. Kira goma sha ɗaya.

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Biyu da minti goma na isa. Get a rufe, mai gadi ya buɗe min. Malama ta tare ni a baranda. Ta ce Ɗigo ta tsaya da katinta har yara suka watse, ba ta yi kuka ba sai da aka ja get. Daga nan ta yi amai, jikinta ya hau rawa, ta kasa jan numfashi sosai. Sun kira ni, sun kira Babanta ba ta shiga. Sai suka kira lamba ta uku da ke kan fom.

Ni na cika fom ɗin bara da hannuna. Sati biyar ina tsara yadda zan ga bayan matar nan, ban tuna in je in soke sunanta ba.

Suna cikin aji. Mai Shago ta zauna a 'yar kujerar yara, rabin jikinta a waje, mayafi ya zame, silifas ɗin shago a ƙafarta. Ɗigo tana kan cinyarta, ta dunƙule rigarta a hannu ɗaya, ɗaya hannun ta ɗaga mata yatsu, ita kuma tana hurawa da wannan bakin nata mai jan baki. Malama ta ce cikin minti biyar ta iso, shagon ma a buɗe ta baro shi. An ce ta tafi da yarinyar, ta ce a'a, a nan uwarta ta ce za ta same ta, a nan za su jira.

Mai Shago ta ɗago ta ce, "Na ce mata kina hanya. Ba ta yarda ba." Muryarta ba irin ta kullum ba. Ta ƙara da cewa, "Ashe haka abin yake yi mata. Ni ban taɓa gani ba sai yau."

Ƙarya take, ta gani, ita ta ɗauka a waya. Kuma wannan ba ban haƙuri ba ne. Ina so in rubuta a nan cewa ba ban haƙuri ba ne.

Na durƙusa na miƙa hannu. Ɗigo ta dube ni, ta dubi hannun. Ba ta saki rigar ba. Sai da Gwaggonta ta ce je ki mana, ga Mama, sannan ta sauko.

"Ina kika tsaya haka, Maman Ɗigo?"

"Aiki, Yaya."

Kwafin takardar yana cikin jakata, jakar tana jingine da ƙafar kujerar da take zaune.

Juma'a, 7:10 na safe

Ba ciwon ciki. Ta shanye shayinta, ta sa riga da kanta. Na ba ta haƙuri jiya sau ba adadi, na sake yau, ta ce to.

Ina ɗaura mata igiyar takalmi ta dafa kaina don kar ta faɗi, ta ce, "Mama, yau Gwaggo ta zo ta ɗauke ni. Ke ki yi aikinki."

Na ce ni zan zo, tun kafin ƙararrawa.

Ta ce, "A'a. Gwaggo. Ita tana zuwa."

Ba kuka, ba rigima, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Ta tsaya tana jira in amsa, don an ce tun safe a faɗa mata wanda zai zo.

Sha biyu za su isa shagon su tafi da ita, ƙararrawa kuma sai ƙarfe ɗaya. Lambar ofishin jami'in tana wayata, na buɗe ta sau uku. Ko na kira ba zai fasa ba, kwalabe tara suna kan teburinsa da sa hannuna, kuma takardar ba kuskure ko ɗaya. Ban ma tabbata ina so ya fasa ba.

Tana bakin ƙofa da jakarta a baya. Har yanzu ban ba ta amsa ba.